Muryar Rediyo a Bayan Bango

Shafi na 19

To ga ni, masu ƙorafi. Wadda ta rubuto min wai "Kaka ko kin bi Rediyo ne," ban bi shi ba 'yar nan, gwiwa ce ta kama ni. Na san ba da gwiwa ake rubutu ba, amma haka na ga dama. Baƙin da aka zubo mana jiya ku matso in gutsura muku, sau ɗaya zan faɗa.

Rediyo dai, laƙabin mutumin ke nan, ya rasu, yau kwana talatin da takwas. Shekara talatin yana sanarwa a tashar jirgin ƙasa, mutumin da ko a barci bakinsa bai san hutu ba. Ya bar matarsa, tela, wadda furfura ta ci rabin kanta amma har yau Amarya ake ce mata. Ya bar yayarsa makauniya a ɗakin da ke jikin falo. Ya kuma bar tsohuwar kwamfutarsa ta tebur, da bidiyo ɗaya a ciki wanda ya sa wa suna "Amarya danna nan." Tana dannawa sai ga shi zaune, baki na motsi, murya babu.

Tsofaffin masu karatu kun tuna abin da ta faɗa masa kwana tara kafin ya cika. Tana fama da wuyan wata riga, shi yana tsaye a kanta yana "sanarwa, sanarwa, shayi ya huce," ta ɗago ta ce, "Ni wallahi na gaji da jin muryarka." Washegari ya fita, ya dawo, bai ƙara furta kalma ba har aka ɗauke shi.

Mu je.

Sau uku Amarya ta goge teburin kafin mai gyaran ta iso. Wata mai kawo mata ɗinki ce ta turo ta. Mai gyaran mace ce mai jiki, ta ba arba'in baya, tabarau rataye a wuya, jakar kayan aiki a hammata. Injiniya ake ce mata. Bayan gaisuwa da ta'aziyya ta dire jakar.

"Ke ce mai kwamfutar da ta kurumce?"

"Ba kurumcewa ta yi ba," in ji Amarya. "Bebiya ta zama."

Injiniya ta dube ta ta saman tabarau.

"To ashe kin fi rabin masu shago sanin aikin. Ai abu biyu ne. Kwamfuta tana da kunne, tana da baki. Kunnen shi ne inda magana ke shiga, bakin inda take fita. Mutane sai su cakuɗa min su, su ce ba ta ji, alhali ita tana ji, su ne ba sa ji."

Ta durƙusa da ƙyar, ta cusa kai ƙarƙashin tebur inda akwatin kwamfutar yake. Daga can muryarta ta fito.

"Mai wannan abin mutum ne mai tsari. Koren rami na sifika, ya ɗaura wa wayarsa koren zare. Ruwan hoda na makirfo, ya ɗaura mata ruwan hoda. Ko makaho ya zo…"

Ta katse kanta, don an riga an faɗa mata akwai makauniya a gidan.

"Zarena ne," in ji Amarya a hankali. "Shi ke sace min. In yi ta nema, ya taya ni nema."

Injiniya ta fito tana kaɗe gwiwa. Ta murɗa kan sifikar tebur, ƙaramar fitila ta kama.

"Waya lafiya, wuta lafiya. Wa ya taɓa dubawa?"

"Ƙanena. Ya murɗa nan, ya murɗa can, ya ce babu murya a ciki tun asali."

"Me yake sayarwa, ƙanen naki?"

"Taya."

"To ya tsaya a taya."

Injiniya ta ja kujerar Rediyo za ta zauna, sai Amarya ta riƙe bayan kujerar.

"Kafin ki taɓa, zan tambaye ki abu."

"Ina ji."

"Idan mutum ya ga dama, zai iya ɗaukar kansa a hoto, ya hana murya shiga? Da gangan?"

"Zai iya. Dannawa ɗaya ce."

Amarya ta saki kujerar.

Abin da ya hana ta kiran mai gyara kwana talatin da shida ke nan, ku masu cewa sakarya ce. Gara mata ta zauna cikin ƙila da watakila, da a ce mata tabbas mijinki ya tsara ki ne, kin ce kin gaji da muryarsa, ga fuskar nan ki ci. Kuma akwai ranakun da take cewa ko muryar na fita, kunnenta ne aka toshe. Don ita da kunnenta babu amana tsakaninsu tun shekara ashirin da shida da suka wuce, ranar haihuwarta ta fari kuma ta ƙarshe. Ta rantse ta ji kukan jariri. Rediyo ya ce allura ce ta juya mata kai. Yaya, wadda a lokacin idonta garau, ita ce ma ungozomar da ta karɓi haihuwar, ta ce yaro bai zo da rai ba, ta yi haƙuri. Tun daga ranar, duk abin da ta ji sai ta nemi shaida.

Injiniya ta kama ɓeran nan na kwamfuta, ta danna nan ta danna can, wani shafi ya buɗe.

"Bari mu fara da kunnen. Kin ga nan? Nan ake zaɓar inda magana za ta shiga. Makirfo biyu gare shi, ɗaya na jikin kyamara, ɗaya wannan mai dogon wuya. Ya ma canza musu suna. Wannan ya sa masa 'Na Aiki.' Shi ne a zaɓe. Matso ki yi magana."

"In ce me?"

"Ko me. Ki zagi ƙanenki mai taya."

Amarya ta sunkuya gaban makirfon. Har yanzu akwai ƙanshin man da yake shafa wa gemu a jikin soson da ke bakinsa. Ta buɗe baki, ta rufe. Can ta ce, da wata murya da ba tata ba:

"Sanarwa, sanarwa."

Wani siririn layi a allon ya yi tsalle sau biyu ya kwanta.

"Kin gani? Ta ji ki. Kunne garau, ba a rufe yake ba, ba a rage shi ba." Injiniya ba ta dube ta ba, don ta ji yadda muryar ta karye. "Yanzu ina bidiyon?"

Amarya ta nuna da yatsa. Injiniya ta buɗe shi, ta matsar da shi gefe ɗaya, ta buɗe wani ƙaramin shafi kusa da shi. Ga Rediyo cikin rigarsa ruwan toka mai aljihu biyu, wadda Amarya ta ɗinka masa da ragowar yadin wata amarya ta gaske. Ya rame. Ya gyara hula, ya gyara makirfo, baki ya fara motsi.

Falo tsit, sai ƙarar fankar kwamfuta.

"Hajiya, dubi nan. Ba fuskarsa ba, nan."

A ƙaramin shafin wani koren abu ne yake hawa yana sauka. Rediyo ya buɗe baki, ya hau. Ya rufe, ya sauka. Ya yi tari, abin ya harba sama.

"Mene ne wannan?"

"Muryarsa."

"Ban gane ba."

"Mijinki magana yake yi. Sosai ma. Murya na nan cike da bidiyon, babu wanda ya hana ta shiga."

Amarya ta zauna a kan buhun ƙyallaye da ke gefen keken ɗinki, ta kafe koren abin nan da ido kamar shi ne mijin.

"Tsayar," ta ce. "Tsayar da shi, ya kusa zuwa wurin."

Injiniya ta tsayar.

"Wane wuri?"

"Minti huɗu. Akwai inda yake faɗin wata kalma, sai ya rufe fuska da hannu. Ban taɓa wuce nan ba. Na haddace leɓensa kaf, kalma ɗaya tak na kama. Yafe. Ban sani ba na yafe yake cewa, ko ban yafe ba."

Injiniya ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta mayar.

"To saura bakin. Tunda murya na fita, akwai inda take zuwa. Ruwa ne aka buɗe famfo, sai dai ba a bokitinki yake zuba ba."

Ta gangara ƙasan shafin farko. Sunaye uku suka jero. Ta karanta a fili.

"'Tebur.' Waɗannan sifikun ke nan. 'Kunnena.' Abin sawa a kai ke nan, ga shi can a rataye. Na ukun…" Ta matsa kusa da allon. "'Ɗakin Yaya.' Kuma shi ne a zaɓe. Wace ce Yaya?"

Injiniya ta juyo ta dubi Amarya.

"Akwai wata ƙaramar sifika marar waya a gidan nan?"

"Akwai." Muryar Amarya kamar daga rijiya. "Da idon yayarsa ya tafi, shi ya saya mata. Yakan zauna nan ya karanta littafi, ita tana kwance a ɗakinta tana ji. Na ɗauka da ya mutu sifikar ma ta mutu."

"A haɗe take. Yanzu haka a kunne take. An dai rage ta ƙasa sosai, sha biyu cikin ɗari. Bari mu gwada."

Ta ja sautin har ƙarshe, ta danna maɓallin gwaji.

Tilin-lin.

Ba daga tebur ba. Daga bayan bango. Sai ƙarar kofi ya faɗi ya yi ta birgima a ƙasa.

Injiniya, da yake ita ma 'yar Adam ce, ta fara kallon silin kamar a can aka kira ta gyara. Amarya ta miƙe. Ba ta sa takalmi ba.

Yaya na zaune a bakin gado, bargo a cinya, hannu biyu a ƙarƙashin bargon. Ruwa ya jiƙa tabarma. Ta juyo da fuska wajen ƙofa.

"Amarya ce?"

"Me ke hannunki, Yaya?"

"Carbi."

"Carbin ne ya yi ƙara?"

Amarya ta taka ta ɗage bargon. Ga sifikar nan, baƙa, ba ta fi sabulun wanka biyu ba, shuɗiyar fitila na ƙyaftawa. An naɗe ta da tsohuwar hular Rediyo.

"Tun yaushe?"

"Zauna mana."

"Tun yaushe, Yaya?"

"Tun ranar da kika fara dannawa."

Amarya ta jingina da bango, bangon nan dai.

"Kwana talatin da biyar ke nan."

"Da shida," in ji Yaya. "Ranar farko na ɗauka ajalina ne ya zo da muryarsa. Na tashi zaune na ce na'am. Sai da ya maimaita washegari, kalma bayan kalma, har tarin a wuri ɗaya, na gane."

"Shi ya sa kullum da safe kike cewa, Amarya yau ba za ki kalli mijinki ba?"

Yaya ta kawar da fuska gefe.

"Ni kuwa na ce Allah sarki Yaya, tausayina take ji. Har na faɗa wa mutane ba ni da kamarki."

"Ina tausayinki."

"Kina ji ina kuka ta bangon nan?"

"Ina ji."

"Kina ji ina roƙonsa ya yi min magana ko kalma ɗaya?"

"Ina ji."

"Kina ji ranar da na ce masa in ya so ya zage ni ma, ya dai yi magana?"

"Na ji, Amarya. Ba abin da ban ji ba. Makaho ai ji ne abincinsa."

"Kuma kika ci abincin da na dafa, kika ce min gishiri ya yi yawa."

Yaya ta lalubo hular ta rungume da sifikar a ƙirji.

"Ke kina da fuskarsa. Kina da rigunansa a rataye, kina ganin takalminsa a bakin ƙofa, kina ganin rubutun hannunsa a jikin kalanda. Ni me nake da shi? Shekara bakwai rabona da ganinsa. Tun da idon nan ya tafi, ƙanena murya ne kawai. Ni na goye shi, Amarya. Ni na fara jin ya ce Yaya, bai ma iya faɗa ba, Aya yake cewa. Aka ɗauke shi aka fita, na ce shi ke nan. Sai ga shi ya dawo min kullum da hantsi, minti huɗu. Idan na faɗa miki, mai gyara za ki kira, a kwashe min shi daga ɗaki. Ga shi kuwa kin kira."

"Mijina ne."

"Na sani."

"Ni ya rubuta wa suna."

"Na sani. Kullum da safe nakan ce yau zan faɗa mata. Sai ya fara magana, in ce gobe."

Amarya ta zame ta zauna a ƙasa, cikin ruwan da ya zube, ba ta ma ji sanyinsa ba. Fushin da ta shigo da shi ta neme shi ta rasa inda ya shiga. Tsohuwa ce kawai a gabanta, rungume da hula.

Can Amarya ta ɗago kai.

"Me ya ce?"

"Ba zan faɗa miki da bakina ba. Bakina ba nasa ba ne, zan ɓata masa."

"Fushi yake da ni?"

"Wa? Wannan? Wanda in kin yi tafiyar kwana biyu yake zuwa ya zauna min a nan yana ba ni labarinki kamar ban san ki ba?"

"Kalmar nan fa? Yafe."

Yaya ta ja numfashi.

"Ki yafe min, ya ce."

"Ni? Ni in yafe masa? Me ya yi min?"

"To ai nan ne." Muryar Yaya ta ɗan tashi, har da wani guntun haushi. "A nan kike kashewa. Kullum. Ya ce ki yafe min, akwai abin da na daɗe ina, sai ƙit. Ke ba kya ji, kin kashe. Ni ina ji, ba ni da ikon kunnawa. Kwana talatin da shida ina cewa a zuciyata yarinyar nan ki bar shi ya ƙarasa. Har na taɓa buga bango."

"Na ɗauka sauro kike kashewa."

Sai ga su suna dariya, irin wadda hawaye ke bi ta cikinta. Yaya ce ta fara dainawa.

"Ki bar ni in ji ƙarshen tare da ke. Daga nan ki kwashe. Ba zan ƙara roƙon komai ba."

Amarya ta miƙe, ta kama hannunta.

A falo suka tarar da Injiniya ta zuge jakarta tana kallon kalanda da himma, irin kallon wanda bai ji komai ba alhali ya ji har da tarin. Amarya ta zaunar da Yaya a doguwar kujera.

"Ni zan wuce," in ji Injiniya. "Abin ya zama na gida."

"Ki tsaya. Kar ya sake ɓacewa ba kya nan."

"To zo ki yi da hannunki, don gobe." Ta miƙa mata ɓeran. "Kai kibiyar kan 'Tebur.' A'a, wannan 'Kunnena' ne, sama kaɗan. Yawwa. Danna. Kin ga alamar ta koma kansa? Yanzu ki danna wannan na ƙasa, shi zai sa ya zauna nan ko an kashe an kunna. Rage sautin zuwa rabi, kar ya tara mana maƙwabta. Gwada."

Tilin-lin, sifikar hagu. Tilin-lin, ta dama.

A cinyar Yaya, baƙar sifikar ba ta ce komai ba. Ta shafa ta da babban yatsa, ta kife ta.

Amarya ta zauna a kujerar Rediyo, karo na farko tun rasuwarsa. Ta danna.

Ya gyara hula. Ya gyara makirfo. Ya ƙwanƙwasa shi da yatsa sau biyu, ɗum ɗum, kamar yadda yake yi a tasha.

"Sanarwa, sanarwa."

Muryar a dishe take, kamar ana jan buhu a kan siminti. Amma tasa ce. Amarya ta toshe baki da mayafi.

"Ana cigiyar wata Amarya, doguwa, mai saurin fushi da saurin hucewa. Duk wanda ya gan ta ya ce mata jirgin mijinta ya kusa tashi, kuma ba na jin zai yi latti irin namu na tasha."

Ya yi dariya, dariyar ta zama tari. Leɓen Yaya na bin kowace kalma, har tarin ta san tsawonsa.

"Amarya, na san abin da kike zato. Kina zaton maganar nan da kika faɗa ce ta rufe min baki. Haba. Shekara talatin da ɗaya kina cewa kin gaji da muryata, yaushe na taɓa fasawa? Ranar da kika faɗa ma daɗi na ji, na ce yau ma lafiyarta ƙalau.

"Washegari asibiti na je. Likita ya leƙa maƙogwarona ya daɗe bai ce komai ba, ni kuwa kin san ba na son shiru, na ce masa faɗi. Ya ce abin ya ci wuri. Ya ce muryar ƙiris ta rage, in na ci gaba da surutuna kwana uku ba za ta kai ba. To shi ne na fara tari. Ba wannan tarin ba, tarin murya. Kamar yadda kike tara ƙyallaye har su isa riga. Kina kawo shayi in so in ce ya huce, in danne. Kina wucewa kina harara ta in so in tsokane ki, in danne. Wallahi ban taɓa aikin da ya ba ni wuya irin wannan ba. Duk don in samu abin da zan yi wannan maganar da shi."

Amarya ta kifa goshi a bakin tebur, kafaɗunta na girgiza. Kwana tara tana ajiye masa abinci ba ta kallonsa, ita a dole ta fi shi iya gaba. Injiniya ta juya musu baya, tana laluben wani abu a jaka wanda babu shi.

"Da na faɗa miki da baki, amma ba zan iya ina kallon idonki ba. Matsoraci ne ni, surutun nan duk rufin asiri ne. Amarya, ki yafe min. Akwai abin da na daɗe ina…"

Ya rufe fuska da hannu.

Yatsan Amarya ya tafi kan ɓeran da kansa, don ya saba.

"Kar ki taɓa," in ji Yaya. "Don Allah, Amarya. Bar shi."

Ta janye hannun, ta matse shi tsakanin gwiwoyinta.

Rediyo ya daɗe a haka. Koren abin ya kwanta. Sannan ya sauke hannu, ya share ido da gefen rigar, ya ɗan juya. Ba kyamara yake kallo ba. Bango yake kallo, na hagunsa.

"Yaya."

Yaya ta zabura.

"Na'am," ta ce, kafin ta tuna.

"Yaya, na san kina ji. Da gangan na bar sautin a ɗakinki. Na san Amarya ba ta san inda ake juya shi ba. Na ce bari ke ki fara ji har ƙarshe, ki tashi ki lalubo ta, ki faɗa mata da bakinki. Ya fi mutunci. Ke kika ƙulla, ni na riƙe miki bakin zaren. Idan kuwa har Amarya tana jin wannan ba ki faɗa mata ba, to kin bar ni da shi, zan sauke."

Sifikar da ke cinyar Yaya ta sulale ta faɗi ƙasa. Ba ta neme ta ba.

Amarya ta juyo a hankali. Fuskar Yaya ta yi fari fat, bakinta a buɗe, hannunta na lalube a iska.

"Amarya," in ji Rediyo, "shekara ashirin da shida da suka wuce, ranar da kika haihu…"

"Tsayar," in ji Yaya. "Amarya tsayar da shi. Injiniya, ko wace ce ke, cire wayar. Koren ramin, na ji kin faɗa, cire."

Injiniya ba ta motsa ba.

"Amarya, ƙanwata, ki tsayar in miki bayani. Ciwo ne ke sa shi sambatu. Ki tsayar kamar kullum."

Amarya ta miƙa hannu. Ta wuce ɓeran. Ta kama kan sifikar tebur, ta murɗa shi har ya tsaya.

Muryar Rediyo ta cika falon, kamar a tasha.

"…kunnenki bai yi miki ƙarya ba. Yaron ya yi kuka, ni ma na ji. Kuma zanin da kika ga na rungumo na fita da shi ranar wai za a binne, babu kowa a cikinsa."